Yadda Malama Babebi Ta Kayar da Kanta

Yayata ta shekara talatin da ɗaya tana koyar da 'yan aji ɗaya kafin ma'aikatar ilimi ta gano cewa ba ta cancanci koyarwa ba. Ban ga laifin ma'aikata ba. Mutane ne masu hidima da yawa, yau taro gobe bita, ba kullum suke samun sukunin leƙa aji ba, kuma abu irin wannan sai an zauna an natsu kafin a gano shi.

Ni ne autan gidanmu, ita ce babba. Ina da shagon buga takardu da kwafi a tsallaken titin makarantar da take aiki, don haka duk takardar da ta shiga rayuwarta sai ta bi ta cikin injina. Unguwa kaf Malama Babebi ake ce mata. Sunan ya samo asali ne daga abin da ke fitowa ta tagar ajinta kowace safiya, ba, be, bi, bo, bu, daga bakin yara sittin, har mai facin taya na bakin titi ya iya karatu ba tare da an sa shi a rajista ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke auna mata jini ta hannunta ta bi. Mijin 'yarta ma haka, shi ya sa har yau ba ya iya zama a kujera in tana tsaye. Ni kuwa a tsakar gida ta koya mini baƙi, da tsinke a ƙasa, da dundu a baya.

Ƙarfe shida da rabi take isa makaranta, kafin maigadi ya gama wanke fuska. Tana yanka fensir gida uku da reza, ta fere kowane, ta zuba a gwangwanin madara, saboda yaran da aka turo hannu rabbana. Ba ta yabo. In yaro ya yi abin da ya burge ta ƙwarai, sai ta ce, "To, ba laifi," kuma na san manyan mutane masu furfura da ke tuna ranar da aka ce musu haka. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'ya'yanta biyu sun yi nasu gidan. Abin da ya rage mata a duniya wanda take tashi dominsa shi ne ɗakin nan mai benci ashirin da allo mai tsaga a tsakiya.

Kuskurenta ɗaya ne a rayuwa, ta yi biyayya. Shekara goma sha biyar da suka wuce ma'aikata ta ce duk malamin da ke son ƙarin girma ya je ya yi digiri, ko a kan mene ne. Yaya ta je. Labarin ƙasa kaɗai ke da gurbi a lokacin, ta karɓa, ta yi hutu biyar tana zana koguna da duwatsun da ba za ta taɓa gani ba. Ta dawo da digiri, aka ƙara mata mataki guda, ta ci gaba da ba, be, bi.

Sai ga sabuwar takarda. Hedimasta, wanda ya girmi ɗanta na fari da shekara biyu kacal, ya tara malamai a ofishinsa ya karanta musu. Duk malamin da ke da digirin da ba na koyarwa ba, ya kawo babbar difloma ta koyarwa kafin ƙarshen shekarar karatu mai zuwa. Wanda bai kawo ba, a fitar da shi daga aji a mayar da shi ma'aikacin ofis, kuma babu komawa ko ya kawo daga baya.

"Ai ina da takardar malanta ta kwaleji," in ji Yaya. "Da ita aka ɗauke ni."

"Malama, na sani," in ji hedimasta, yana sosa ƙeya. "Amma babbar takarda ake dubawa. Digirin ya danne ta."

Malamin aji huɗu, wanda tun da aka ɗauke shi bai sake buɗe littafi ba sai na sa hannun zuwa aiki, ya tsira lafiya lau, domin ba shi da abin da zai danne masa komai. Har jaje ya zo ya yi mata. Shekara huɗu suka rage mata ta yi ritaya, kuma ta gaya mini a ranar, tana tsaye a ƙofar shagona, cewa a cikin aji take so ta ƙare su.

Na rufe shago na raka ta jami'a. A can muka ji yadda diflomar take. Kashi biyu ce: shekara guda ta lacca, ranakun Asabar da Lahadi, sannan mako goma sha biyu na koyarwar gwaji a wata makaranta, a farkon shekarar da ke biye. Wato ko ta cinye kowace jarrabawa, za ta makara da aƙalla mako goma sha biyu. Amma jami'a, Allah ya saka mata, ta tanadi hanya ga irin su Yaya. Wanda ya taɓa karanta wani kwas a baya, ana iya lissafa masa shi a ɗauke masa. In aka ɗauke mata koyarwar gwaji, ta gama a kan lokaci, aji ya zauna a hannunta.

Ofishin da ke wannan aiki taga ce guda a ƙarshen wani dogon baranda, da ƙarafa, da wani akawu mai sanƙo a bayanta yana shan shayi. Ya miƙo fom. Yaya ta sa tabarau ta karanta kansa, ta cire tabarau.

"Takardar neman yafewa?"

"E, Mama. In kwamiti ya yarda, sai a yafe miki kwas ɗin."

"Me na yi wa jami'a da za ta yafe mini? Karatu na yi, ba sata ba."

"Haka sunan fom ɗin yake, Mama."

"Wa ya sa masa?"

"Kwamiti."

Na taka mata ƙafa a hankali. Ta karɓi fom ɗin da yatsa biyu, ta cika shi a tsaye, kuma a layin da aka ce a rubuta dalilin neman yafewa ta gyara musu kuskuren rubutu guda biyu da jan biro.

Kwas uku ta nema. Amsar biyun farko ba ta jima ba. Tarihin ilimi, an ce wanda ta karanta a kwaleji ya haura shekara goma, saboda haka ya tsufa. Ni dai sai a ranar na san tarihi ma yana lalacewa in ya daɗe. Na biyu kuma, takardar kwalejinta ta ce ta karanta Dabarun Koyarwa, alhali sunan kwas ɗin jami'a Dabarun Koyo da Koyarwa. Kwamiti ya zauna, ya auna, ya ga akwai giɓin kalma ɗaya. Sun yarda ta san koyarwa, amma babu wata shaida a fayil cewa ta san koyo.

Wannan bai tayar mata da hankali ba, tunda duk cikin shekarar farko suke. Ta riƙa zuwa lacca duk Asabar da jakarta da robar ruwa, tana zama a layin gaba tsakanin sa'o'in jikokinta. Wani matashin malamin jami'a ya shafe awa biyu yana karanta musu daga takarda, bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya, cewa malami nagari ba ya karatu daga takarda. Yaya ta rubuta duk abin da ya faɗa, ta kuma ci jarrabawarsa.

Saura koyarwar gwaji, wadda ita ce maganar. Na ɗauka wannan kam ko makaho ya ga amsarsa. Na yi mata kwafin takardar ɗaukar aiki, da ta kowane ƙarin girma, da hotunan aji talatin da ɗaya, har injin ya yi zafi. Muka kai wa akawu tulin. Ko buɗewa bai yi ba.

"Mama, wannan duk aiki ne. Mu gwaji muke nema."

"Aikin bai isa gwaji ba?"

"Aiki ba wanda ya ba shi maki."

Ya zaro wani fom mai launin ruwan ɗorawa. Ya ce dole mai dubawa wanda jami'a ta amince da shi ya zauna a bayan ajinta ya kalli darasi goma sha biyu, ya ba da maki, ya sa hannu. Nan da mako uku, ranar Juma'a, kwamiti ke rufe karɓa. Malaman jami'a ba sa fita duba masu neman yafewa, sai ɗaliban da ke gwajin sosai. Amma akwai jerin sunayen tsofaffin malamai na makarantu da aka amince da su, kowane yanki da nasa. Ya lasa yatsa, ya buɗe wani littafi, ya bi layi har yankinmu, ya juyo mana da shi.

Suna ɗaya ne a wurin, kuma nata ne.

Ai kuwa gaskiya. Shekara goma sha huɗu jami'ar nan tana turo wa Yaya ɗalibanta su yi gwaji a ajinta. Wannan fom ɗin mai ruwan ɗorawa ta cika shi ya fi sau sittin. Na san shi sarai, ni nake mata kwafi. Wato jami'a ta yarda Yaya ta san wanda ya iya koyarwa da wanda bai iya ba, abin da ba ta tabbatar ba shi ne ko ita kanta ta iya.

"A sa wani mana," na ce.

"Amincewa da sabon mai dubawa shekara guda yake ɗauka." Akawun ya leƙa hagu da dama, ya matso da bakinsa jikin ƙarfen taga. "Mama, in gaya miki gaskiya? Ki je ki cika abinki ki sa hannu. Kwamiti abu biyu yake dubawa, maki da sa hannu. In sa hannun yana cikin littafin nan, shi ke nan."

Na so in rungume mutumin nan ta cikin taga. A mota na ce mata yau ɗin nan za mu cika, ta ba kanta casa'in, mu huta.

"Auta," ta ce, "a ƙasan fom ɗin an rubuta, na shaida cewa na kalli wannan malami da idona. Ni ban taɓa kallon kaina ba."

"Yaya, kin san kanki ai."

"Na san kaina daga gaban allo. Daga bayan aji ake dubawa."

Haka wayata ta koma makaranta. Kowace safiya in tsallaka titi in ɗora ta a kan kabad ɗin bayan aji, in tokare ta da kwalin alli, in danna ɗaukar bidiyo, in koma shago babu waya, masu kawo aiki suna ta nemana. Darasi goma sha biyu, kwana goma sha biyu na makaranta. Na ce mu riƙa kallo kullum, ta ƙi. Ta ce in ta fara kallo tun yanzu za ta riƙa yi wa waya kwalliya, mai dubawa kuma abin da ake yi kullum yake son gani. Sai ranar Laraba, saura kwana biyu a rufe karɓa, bayan an tashi daga makaranta, ta zo shago ta ja kujera gaban kwamfuta, fom a cinya, jan biro a hannu.

Akwai wani layi a saman fom ɗin da ke tambayar dangantakar mai dubawa da wanda ake dubawa. Na ce ta bar shi haka nan, ba kowa ke cikawa ba. Ta rubuta da manyan baƙaƙe: NI CE.

Darasi na farko, na zauna ina kallo da girman kai irin na ƙani. Matar nan ta iya aikinta. Tana ɗaga yatsa aji ya yi tsit. Tana jan baƙi a allo kamar da injin aka buga. Yaro ya yi kuskure, ba ta gyara masa, sai ta maimaita abin da ya faɗa a hankali har shi da kansa ya ji inda ya karkace. Tana kallo tana ba da maki, tara, takwas, tara, ko murmushi babu.

A darasi na uku ta ce, "Tsaya. Koma baya."

Na koma. Ban ga komai ba sai ita a gefen dama na allo, tana nuna baƙi da sanda.

"Ba ni za ka kalla ba. Kalli layin hagu, benci na biyu."

Wata 'yar mitsitsiyar yarinya ce mai ɗankwalin da ya fi kanta girma. Yaya ta yi tambaya, yarinyar ta ɗaga hannu. Yaya ta kira wani a tsakiya. Ta sake tambaya, hannun ya sake tashi, har da ɗan miƙewa daga benci. Yaya ta kira wata a dama. Sau biyar a darasi ɗaya. Muka wuce na huɗu, haka. Na biyar, haka. Ba ita kaɗai ba, layin hagu gaba ɗaya, yara goma sha biyar, kafaɗar Yaya suke kallo tun daga shiga har fita. A darasi na takwas hannun yarinyar ya tsaya daidai kunnenta. A na goma bai tashi ba sam, tana wasa da bakin ɗankwalinta.

Ni na san dalili, ita ma ta sani. Akwai rami a simintin gaban allo ta ɓangaren hagu, faɗin faranti. Shekara tara da suka wuce ta gurɗe ƙafa a cikinsa, ta yi wata guda tana ɗingishi. Ta rubuta wa ma'aikata a gyara, ta sake rubutawa, ni na buga wasiƙun. Daga nan ƙafarta ta koyi tsayawa a dama, jiki ya bi ƙafa, fuska ta bi jiki, ita ba ta ma sani ba.

Muka gama na goma sha biyu washegari da la'asar. Sai ta sauko kan sashe na bakwai na fom ɗin, Kulawa da Dukkan Ɗalibai, maki goma. Ta rubuta uku.

Na san dokar fom ɗin nan kamar yadda na san sunana. Duk wanda ya samu ƙasa da rabi a sashe ɗaya bai ci ba, ko nawa ya tara a sauran. Ita ta tara tamanin da ɗaya.

"Yaya, mayar da shi biyar."

"Uku ne."

"Maki biyu! Laifin rami ne, ba naki ba. Laifin waɗanda kika rubuta wa wasiƙa sau huɗu ne."

"Ramin ne aka ɗauka aiki, ko ni?"

"To mu cike shi yau, mu sake ɗauka."

"Darasi goma sha biyu kafin gobe? Ko kwanan wata zan yi wa ƙarya?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa mata maganar da ban taɓa faɗa ba. Na ce wannan ba gaskiya ba ce, taurin kai ne da son a ce. Na ce mutanen da suka ce tarihi ya tsufa ba su cancanci gaskiyarta ba. Na ce in an fitar da ita, wa za a kawo wa yaran, mai idanu a ƙeya?

Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Shekara shida da suka wuce na kayar da wani yaro ɗan gwajin koyarwa a kan wannan sashen. Layin baya ya manta da shi. A kujerar nan ya zauna yana kuka kana masa kwafi, ka manta? Uku na ba shi. Shi kwana goma sha biyu ya yi yana mantuwa. Ni shekara tara." Ta rufe biro. "Yara goma sha biyar sau tara, Auta. Kai ne mai kwamfuta, buga ka gani."

Ban buga ba. Ta sa hannu a inda mai dubawa ke sawa, ta sa a inda ɗalibi ke sawa, na yi kwafi cikin haushi, muka kai ranar Juma'a. Ranar Asabar na sayi siminti rabin kwano na je na cike ramin. Minti ashirin ya ɗauke ni, har da wanke hannu.

Ina da sauran fata guda, kuma fata ne na wauta. Na ce watakila wani a kwamitin zai ga NI CE ɗin nan ya tsaya, ya kira ta, ya ji labari, ya ce kai, wannan ai ita ce malamar da muke nema. Bayan wata guda amsa ta zo. Kwamiti ya gode wa mai dubawa bisa aikinta na tsanaki. Kwamiti ya yi nadamar sanar da mai nema cewa ba ta kai matakin da ake buƙata ba a sashe na bakwai. Kwamiti ya shawarce ta da ta nemi jagorancin gogaggen malami daga cikin jerin da aka maƙala. Na buɗe jerin don in tabbatar, kuma ba su ba ni kunya ba.

Wata biyar suka rage mata a aji, kuma ta yi su a tsaye a kan simintina. Ta mayar da layin hagu tsakiya, ta riƙa juya benci duk mako. Yarinyar mai ɗankwali ta ɗauki kusan wata guda kafin ta yarda ta sake ɗaga hannu, da ta ɗaga kuwa ba ta sauke ba, har sai da Yaya ta ce ta bar wa wasu. Ranar ƙarshe ba a yi wani taro ba. Hedimasta ya karɓi rajista, ya miƙa mata makullin sito, bai iya haɗa ido da ita ba.

Siton makarantar ɗaki ne marar taga a bayan ofis, da karyayyun bencuna, da tsintsiya, da wata taswirar duniya da gara ta cinye rabinta. Aƙalla dai digirin labarin ƙasa ya samu inda zai yi amfani. Nan Yaya ta koma zama daga bakwai zuwa biyu, tana miƙa alli ga wanda ya zo nema. Cikin wata biyu ta rame. Ta daina zuwa shida da rabi. Ranar da na gan ta ta iso bayan an kaɗa ƙararrawa, tana tafe a hankali kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa, na shige bayan injina don kada ta ga fuskata.

Da sabuwar shekara ta kama, jami'a ta aiko cewa lokacin koyarwar gwajinta ya yi. Na ce ta yaga takardar, diflomar ba ta da sauran amfani tunda babu komawa. Ta ce a'a, ta fara abu sai ta ga ƙarshensa. Ma'aikatar da ta hana ta shiga aji a matsayin malama ta sa hannu ta ba ta izinin mako goma sha biyu ta shiga aji a matsayin mai koyon malanta, har da yi mata fatan nasara. Aka tura ta wata makaranta a ƙarshen gari, mota biyu ake shiga, aji ɗaya, yara saba'in. Aka ba ta katin ɗalibi ta rataya a wuya, da wani littafi mai baƙin bango da za ta riƙa rubuta rahoton kowane darasi ta miƙa a ƙarshe.

Cikin mako guda Yayata ta dawo. Ta sayi sabuwar reza. Ta koma yi mini faɗa a kan ƙurar shagona. Malamin jami'ar da ya je duba ta ya fito yana tambayar hedimastan can ko an yi kuskuren suna ne.

A mako na goma sha biyu ta ce in raka ta jami'a ta miƙa littafin. Muka isa tagar nan, akawu na nan da shayinsa. Littafin yana hannunta, amma ba ta miƙa ba.

"Ɗana, tambaya ce da ni. Wanda ya ci gwajin nan, me ke biye?"

"Shi ke nan, Mama, ya gama. Sai karɓar takarda."

"Wanda bai miƙa littafin ba fa?"

"Ya faɗi. Ko da ya fi kowa iya koyarwa."

"In ya faɗi?"

"Sai ya sake gwajin baɗi. Wani mako goma sha biyun."

"A aji?"

"A aji mana, Mama, a ina kuma?"

"Sau nawa ake bari mutum ya yi?"

"Sau uku. Bayan na uku sai kora."

Ta ƙirga wani abu da yatsu a jikin jakarta. Sannan ta yi masa godiya, ta tambayi lafiyar iyalinsa, ta mayar da littafin cikin jaka ta ja zif.

Da muka dawo shago ta ciro shi ta ɗora a kan tebur. Na buɗe. Cike yake taf, kowane darasi da kwanan watansa, da sunan kowane yaro da ya amsa tambaya, da wanda bai amsa ba da abin da za a yi masa gobe.

"Ajiye mini wannan."

"In sun tambaya in ce ya ɓata?"

"Ka ce ban miƙa ba. Ai ban miƙa ba ɗin."

Da sakamako ya fito, sunanta kaɗai ne a ƙarƙashin waɗanda suka faɗi, a allon sanarwa, inda kowa ke wucewa. Ɗanta ya kira ni yana cewa an kunyata su. Jami'a ta aiko mata da wasiƙar gargaɗi mai nuna damuwa a kan rashin himmarta. Bara ma haka aka yi, wasiƙar ta fi ta farko zafi. Wata tara take yi a sito tana jira, wata uku tana raye, kuma ni da na yi ta zagin taurin kanta, ni nake tashi da sassafe in tare mata motar farko.

Littattafai biyu ne yanzu a durowata, ƙarƙashin takardun kwafi. Ranar Litinin za ta je ta karɓo na uku. Jami'a ba ta ba da na huɗu.